Yadda ake shirya takardun fansho da garatuti tun kafin ranar ritaya

Wata ranar Litinin wani dattijo ya shigo rajistarmu, wato ofishin ajiyar fayilolin ma'aikata, a nan Gombe riƙe da baƙar leda. Tun da asuba ya taso daga Kumo, saura wata biyu ya ajiye aiki. Ya zazzage takardunsa a kan teburina, ga na ƙarin girma, ga na canjin wurin aiki, har da rasit ɗin kuɗin makarantar yara. Na ce, "Baba, ina takardar ɗaukarka aiki ta farko?" Ya ɗago wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, gara ta cinye kusurwarta daidai inda kwanan wata yake. Ya ce, "Ɗana, ita ce wannan. A ƙasan akwati take tun muna jihar Bauchi." Muka ɗauko fayil ɗinsa, babu kwafinta a ciki. Sau uku bawan Allahn nan ya bi hanyar Alkaleri zuwa Bauchi kafin a gano sunansa a tsohuwar gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kuma kafin nan albashinsa ya riga ya tsaya.

Shekarun da na yi ina jan fayil sun koya mini cewa jinkirin fansho iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa daga gwamnati, na rashin sakin kuɗi a kan lokaci, wannan ba ya hannunka. Akwai kuma wanda ke fitowa daga cikin fayil ɗinka, shi kuwa kana iya kashe shi tun kana kan kujera. A kansa zan yi magana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shawarata ka fara tun saura shekara biyu, in ya yi ƙaranci shekara ɗaya.

Fara da sanin ranarka

Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ka zauna da biro ka lissafa duka biyun da kanka. Wanda aka haifa a watan Maris na 1968 aka ɗauke shi aiki a watan Satumba na 1992, shekarun aikinsa za su cika a Satumban 2027, kafin ya kai shekara 60 a Maris ɗin 2028, saboda haka 2027 ce ranarsa. Wasu ma'aikata dokarsu daban ce. Dokar tarayya ta 2022 ta kai malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, wata dokar daban kuma ta kai farfesoshin jami'a 70. Idan kai malamin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, kada ka dogara da hirar ɗakin malamai. Ka nemi takardar sanarwar da ta shafe ka a rubuce, ka ga sharuɗɗanta da idonka.

Dalilin da ya sa na matsa a nan shi ne, duk albashin da ka karɓa bayan ranar da ya kamata ka tafi, bashi ne a kanka. Masu binciken kuɗi za su gano, kuma daga haƙƙinka za a zare shi. Na ga wanda ya zarce da wata bakwai bisa kuskuren lissafi, ranar da ya ga abin da aka cire masa sai da ya nemi wurin zama.

Wane tsari kake ciki?

Tsarin fansho biyu ne a ƙasar nan, kuma takardun da ake nema da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa sun bambanta.

Tsohon tsari shi ne wanda gwamnati ke biyan fansho da garatuti daga baitulmali bisa shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe. A jadawalin da aka gada daga tsohuwar dokar tarayya, mai shekara 10 a aiki yana samun fanshon kashi 30 cikin 100 na albashinsa da garatuti daidai da albashin shekara guda. Kowace shekara bayan nan tana ƙara kashi 2 a fansho da kashi 8 a garatuti, har a shekara 35 fansho ya kai kashi 80, garatuti kuma albashin shekara uku. Ka ga ke nan shekara ɗaya da ta ɓace a lissafin fayil kuɗi ne da za ka rasa kowane wata har ƙarshen rayuwa.

Sabon tsari shi ne na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kawo, dokar 2014 ta maye gurbinta. Ana cire aƙalla kashi 8 daga albashinka, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a tara a asusun da ke ɗauke da sunanka a hannun kamfanin fansho, wanda ake kira PFA. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kansu, kuma ofishinta na shiyyar arewa maso gabas a nan Gombe yake. Ma'aikatan tarayya, irin na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wannan tsari ne nasu. Hukumar PTAD kuwa da kake ji, ta tsofaffin 'yan fanshon tarayya ce da suka rage a tsohon tsari, ba ta masu fita yanzu ba.

Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma dokar jiharsa ce ke binsa. Ka je wurin jami'in fansho na ma'aikatarku ka tambaye shi kai tsaye: a wane tsari sunana yake, kuma wane ofishi ne zai lissafa haƙƙina? Ka duba takardar albashinka ma, in ana cire maka wani abu da sunan fansho za ka gani.

Je ka ga fayil ɗinka

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi. Ma'aikaci sai ya yi shekara 30 bai taɓa ganin abin da ke cikin fayil ɗinsa ba. Ka rubuta 'yar takarda zuwa ga shugaban sashen mulki kana neman izinin duba shi, ka zauna gaban ma'aikacin rajista ku bi shi shafi-shafi. Ka zo da naka takardun na gida ku gwada.

Abin da za ka nema a ciki: takardar ɗaukar aiki ta farko, da shaidar ranar da ka kama aiki, da takardar tabbatar da kai a aiki, da gazet ɗin da ta buga ɗaukarka da tabbatarwar, da dukkan takardun ƙarin girma daga na fari har na ƙarshe ba tsallake, da takardun makaranta, da shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru ta kotu, da takardar tarihin aiki wadda ake cikewa duk lokacin da matsayinka ya sauya. Ita wannan ta ƙarshen sau da yawa za ka tarar an daina cike ta tun shekara goma da suka wuce. Ka roƙi a cike ta, a sa hannu, a buga hatimi.

Mu a Gombe muna da wata matsala tamu ta daban. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire jihar daga Bauchi. Duk wanda ke cika shekara 35 a aikin jiha a 'yan shekarun nan, a tsohuwar jihar Bauchi aka ɗauke shi, kuma takardarsa ta farko da gazet ɗinsa sunan Bauchi suke ɗauke da shi. Fayiloli sun yi tafiya a wancan lokaci, wasu sun iso da ƙarancin shafuka. Idan ka tarar da giɓi a shekarun farko, ka karɓi takardar gabatarwa daga ma'aikatarku ka tafi Bauchi tun kana da albashin da za ka biya kuɗin mota. Ka nemi kwafin da aka buga wa hatimin tabbatarwa, domin fotokwafi tsurarsa ba kowane ofishi ke karɓa ba.

Haka wanda ya fara a ƙaramar hukuma ya dawo jiha, ko ya bar jiha ya koma tarayya. Dole a ga takardar amincewa da canjin, wadda ta haɗe shekarun wuri ɗaya. In babu ita, ana iya fara ƙirga maka daga ranar da ka shiga wuri na biyu, shekarun farko su tafi a banza. Wanda ya taɓa barin aiki ya dawo, ko ya tafi karatu ba tare da albashi ba, shi ma ya tabbatar akwai takardar da ta bayyana yadda za a lissafa wannan lokaci.

Suna da ranar haihuwa

Ka shimfiɗa takardun nan a tabarma: takardar ɗaukar aiki, shaidar haihuwa, katin NIN, bayanan BVN, da rajistarka ta kamfanin fansho in kana da ita. Ka karanta suna da ranar haihuwa a kowace, harafi bayan harafi. Yawancinmu za mu ga bambanci. Nan Muhammad, can Mohammed. Nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, can sunan gari, wani wuri Deba ko Dukku ya shiga, wani wuri ya fita. Mata da yawa sun fara aiki da sunan mahaifi suka koma na miji ba tare da takarda ba. A da ido ne ke dubawa, ana wucewa. Yanzu kwamfuta ce, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ƙi.

Gyaran suna yana yiwuwa: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, sannan ka kai wa hukumar katin ɗan ƙasa da banki su daidaita. Yana cin makonni, wani lokaci watanni. Ranar haihuwa kuwa, ƙa'idar aikin gwamnati ita ce wadda ka bayar ranar da aka ɗauke ka ita ce taka har ka fita. Saboda haka sauran takardu ne za su bi fayil, ba fayil ne zai bi su ba. Ina roƙonka, kada ka bari wani ya ce zai sauya maka shekaru a fayil don ka ƙara shekara biyu. Takardar firamare da ta sakandare suna nan, jerin sunayen ma'aikata na shekarun baya yana nan, kuma mai bincike ya san inda zai duba. Abin da zai biyo baya mayar da albashi ne da zubar da mutuncin da ka yi shekaru kana ginawa.

Idan kana tsarin karo-karo

Je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusunka tun daga ranar da aka buɗe shi. Ka bi shi wata-wata. Duk watan da aka cire maka a albashi amma bai shiga ba, ka ja masa layi, ka haɗa da takardar albashin watan, ka rubuta wa ma'aikatarku. Kana cikin ofis ana jin maganarka fiye da bayan ka fita. Wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 sai ya sabunta bayanansa da lambar NIN, in ba haka ba ba za a taɓa masa kuɗin ba. Wanda kuma ya yi rajista da kamfani biyu a farkon tsarin, ya samu lamba biyu, ya kai maganar a haɗe masa su tun yanzu.

Ma'aikacin tarayya da ya fara aiki kafin ƙarshen Yunin 2004 yana da wani haƙƙi na shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati za ta lissafa ta zuba a asusunsa. Don wannan ne PenCom ke yin rajistar masu shirin ritaya. Tun 2021 ta intanet ake yi: jami'in fansho na ma'aikatarku ya shigar da sunanka, sannan ka je kamfanin fanshonka da takardunka na asali a tantance, a ba ka takardar shaida. Za a nemi abin da ke nuna matakin albashinka a Yunin 2004, don haka ka tono takardar ƙarin girman da kake kai a lokacin. Kada wannan rajista ta wuce ka. Wanda ya makara, kuɗinsa ma sai ya makara.

Saura wata shida ka sanar da kamfanin a rubuce cewa za ka fita, su ba ka jerin abin da suke so. A nan za a ajiye maka zaɓi biyu, kuma ina so ka fahimce su tun kafin ranar sa hannu. Na farko, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi, ana biyanka wata-wata ko duk wata uku, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Na biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har iyakar rayuwarka, da lamunin shekara 10: in ka rasu a cikinsu a biya magada ragowar shekarun, in ka wuce su babu abin da zai saura na gado. Wanda ya zaɓi na farko yana iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Wakilai za su yi ta kiranka a waya, kowa yana yabon nasa. Ka ce a rubuta maka lissafin duka biyun a takarda, ka kai gida ka kwana a kai, ka yi shawara da iyalinka. Mai son kauce wa kuɗin ruwa ya tambayi kamfanin fanshonsa asusun da ake kira na shida, wanda aka buɗe a 2021 don juya kuɗi bisa tsarin da ba ruwa.

Kuɗin da ake ba ka a dunƙule a wannan tsari daga cikin asusunka yake fita, kuma adadinsa ya danganta da abin da ka tara, da shekarunka, da albashinka na ƙarshe. Duk abin da ka ɗiba da yawa a farko, na wata-wata ne zai ragu.

Idan kana tsohon tsari

Hanyar fayil ce, daga tebur zuwa tebur. Za ka rubuta takardar sanar da ritaya ta hannun shugabanka. A ƙa'idar tarayya wata uku ne kafin ranar, amma ka tambayi wa'adin da ke aiki a wurinku, kuma ka riga shi. In amincewa ta fito, sai cike fom ɗin fansho, da hotunan fasfo, da takardar albashi ta ƙarshe, da lambar asusun banki. Daga nan a lissafa haƙƙinka, a tura ofishin Odita Janar ya tabbatar, sannan sunanka ya shiga jerin biyan 'yan fansho. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta hukumar fanshon ƙananan hukumomi nasu ke bi.

Ka sayi ƙaramin littafi. Duk ofishin da fayil ya shiga, rubuta rana da lambar da aka ba shi. Duk takardar da ka miƙa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In lissafi ya fito, ka nemi ganinsa, ka duba shekarun aiki da matakin albashin da aka yi amfani da su. Idan akwai ƙarin girman da aka ba ka a takarda amma bai shiga albashi ba, ka bi shi tun kana aiki, domin da albashin ƙarshe ake lissafi. Fansho yakan riga garatuti fitowa, garatuti kuwa layi ne, yana iya ɗaukar shekaru. Kada ka ci bashi da sunansa, kada ka sa ranar auren 'ya a kansa.

Kuma babu wanda ya cancanci ka ba shi wani kaso na haƙƙinka don ya tura fayil. Sashe na 173 da na 210 na kundin tsarin mulki sun kare fanshon ma'aikacin tarayya da na jiha. In ka ga an danne fayil ba dalili, ka rubuta ƙorafi, ka kuma nemi reshen ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, su sun san ƙofofin.

Sallama da ma'aikata

Kafin a sa maka hannu a takardar wanke kai, sai an ga ba a binka komai: bashin mota ko na gida, bashin ƙungiyar adashin ma'aikata, kuɗin tafiya da ba ka kawo rasit ba, gidan gwamnati, babur, kwamfuta, makullan ofis. Ka bi su ɗaya-ɗaya tun da wuri. Bashin banki da ke kan albashi ma ka je ka zauna da su, ka san abin da ya rage.

Akwai kuɗin da mutane ke mantawa da shi. Idan ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, kana da damar neman a mayar maka da shi daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya bayan ritaya, muddin ba ka da bashinsu. Ka nemo lambarka da shaidar abin da aka cire. Ka kuma tambayi matsayin inshorar lafiyarka bayan fita, musamman in kai ko uwargida kuna shan maganin hawan jini ko na suga kullum.

Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rata. Ka yi tanadin abincin aƙalla wata shida. Mai gona a Dadin Kowa ko Bajoga ya ajiye masara da shinkafar bana kada ya sayar duka, mai ɗan jari ya fara sana'ar tun yana aiki don ya san ta kafin ya dogara da ita.

Maganar magada

Mutane ba sa son wannan magana, amma rai na hannun Allah. Ka duba sunan da ka rubuta a matsayin makusanci a fayil da kamfanin fansho. Da yawa sunan mahaifi ne da ya rasu tun tuni, ko na wa, tun lokacin samartaka. Ka sabunta, da lambar wayar da ke aiki. Ka sani kuma, wanda aka rubuta ɗin ba shi ne mai gado shi kaɗai ba, shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Kafin a saki kuɗin mamaci sai iyali sun kawo shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin karɓar dukiyar, sannan a raba bisa shari'a ko dokar da ta shafe su. Na ga zawarawa da yawa sun zo ofis ba su san ko sunan kamfanin fanshon maigida ba, balle lambarsa.

Don haka ka yi kwafi uku na komai. Na asali a jakar roba mai zif, nesa da gara da ɗigon damina. Kwafi ɗaya a wurin wani amintacce a wani gida. Sannan ka sa yaro ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, ya tura maka a imel. Ka kira uwargida da babban ɗa ko babbar 'ya, ka nuna musu jakar, ka rubuta lambar fayil da lambar fansho a bangon ciki.

Bayan an fara biyanka ma za a riƙa kiran tantancewa lokaci-lokaci, kuma wanda bai je ba ana iya tsayar da kuɗinsa. Kada ka sauya layin wayar da ka yi rajista da shi, kada ka rufe asusun bankin da ka bayar ba tare da ka sanar a rubuce ba, kuma duk ranar tantancewa ka tafi da jakar nan gaba ɗayanta, har da takardar amincewa da ritayarka da katin shaidar ɗan fansho.